CHRISTIAN DOPPLER (1803–1853): RAYUWARSA DA YADDA NAZARINSA YA KAI GA AUNA GUDUN JINI A CIKIN ƘARI

Daga cikin masanan kimiyya na Turai waɗanda suka rayu a ƙarni na 19, akwai wani mutumin ƙasar Ostiriya mai suna Christian Andreas Doppler, wanda bai karanta likitanci ba, bai taɓa duba majinyaci ba, hasali ma shi kansa a hannun masu magani ya ƙare kwanakinsa. Duk da haka, a yau da wuya a shiga babban asibiti ba a ji ana ambaton sunansa ba, musamman a ɗakin da ake ɗaukar hoton cikin jiki, wanda jama'a suke kira sikanin. Idan likita yana so ya san ko jini yana gudana a cikin wata jijiya, ko ina ya nufa, ko kuwa ta yaya wani ƙari da ya fito a hanta ko a mama yake samun jinin da yake ci, to, da ƙa'idar wannan mutum yake aiki. Shi kuwa mai ƙa'idar taurari yake nazari sa'ad da ya fito da ita, kuma ya bar duniya manyan malaman ƙasarsa suna ƙaryata shi. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa, sa'an nan ta nuna hanyar da maganarsa ta bi daga taurari har ta iso gadon asibiti.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Doppler ran 29 ga watan Nuwamba 1803 a birnin Salzburg. Gidansu gidan magina ne masu sassaƙar dutse, sana'ar da suka gada kaka da kakanni, kuma gidan da aka haife shi yana nan har yanzu, 'yan taku kaɗan daga gidan da iyalin mawaƙin nan Mozart suka taɓa zama. Ya taso a lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da birnin nasu ya yi ta sauya iyayen giji, sai a 1816 ya tabbata a hannun Ostiriya.

Bisa al'ada, ɗan magini magini ne. Amma Doppler ya tashi da raunin jiki, ba shi da ƙarfin ɗaukar guduma da kurfi wuni guda. Saboda haka aka nemi shawarar Simon Stampfer, malamin lissafi a babbar makarantar Salzburg, shi kuwa da ya jarraba yaron ya ga kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya ba da shawara a tura shi Kwalejin Fasaha ta Biyana, babban birnin ƙasar. Ya yi karatu a can daga 1822 zuwa 1825, ya komo gida ya ƙara ilmi, sa'an nan ya sake komawa Biyana ya zurfafa a lissafi da ilmin taurari. A 1829 aka ɗauke shi mataimaki ga Farfesa Adam Burg, ya yi shekara huɗu a ƙarƙashinsa, a nan ne kuma ya fara buga rubuce-rubucensa na lissafi.

Da wa'adin wannan aiki ya cika a 1833, sai ya shiga halin da masu ilmi da yawa suka sani, watau ga takarda a hannu, babu wurin aiki. A Ostiriya ta wancan zamani, duk mai neman kujerar koyarwa sai ya zauna jarrabawa ta gasa, ya yi lacca a gaban alƙalai, sa'an nan ya koma ya jira hukuma, wani lokaci shekara da shekaru. Doppler ya nema a wurare da dama bai dace ba. Don kada ya zauna haka, ya kama aikin akawu a wata masaƙar auduga, ya yi wajen shekara ɗaya da rabi yana rubuta shiga da fita. Da abin ya ishe shi, ya ƙudura ƙaura zuwa Amurka, har ya sayar da kayansa, ya je birnin Munich wurin jakadan Amurka don shirin tafiya. Ana cikin haka, a 1835, takarda ta zo cewa an ba shi aikin koyar da lissafi a wata makarantar fasaha a birnin Firag, wanda a lokacin yake ƙarƙashin sarautar Ostiriya. Ya fasa tafiya. A shekara mai zuwa ya auri Mathilde Sturm, 'yar wani maƙerin zinariya na Salzburg, suka haifi 'ya'ya biyar, uku maza biyu mata.

Zaman Firag da Maganar Taurari

Shekara goma sha biyu da ya yi a Firag su ne suka fitar da sunansa, su ne kuma suka ci lafiyarsa. A 1841 ya zama cikakken farfesa a Kwalejin Fasaha ta birnin, amma aikin ya yi masa yawa ƙwarai. Ɗalibai ɗaruruwa yake koyarwa a ɗakuna masu cunkoso, kuma kowane ɗalibi sai ya yi masa jarrabawa ta baki da ta rubutu. Ɗaliban ma ba su bar shi ya huta ba, domin sun kai ƙararsa cewa yana tsananta musu a jarrabawa, har hukuma ta tsawata masa, ko da yake daga baya an janye tsawatarwar. A 1844 jikinsa ya gaza, ya ajiye koyarwa na wani lokaci. Babban abokin da ya tsaya masa a wannan zama shi ne Bernard Bolzano, malamin addini kuma masanin lissafi, wanda ya yi ta kira ga hukuma da ta rage wa Doppler nauyi tun bai faɗi ba.

A tsakiyar wannan wahala ce, ran 25 ga watan Mayu 1842, ya karanta wata maƙala a gaban Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Bohemiya, a kan launin hasken taurari tagwaye, watau taurari biyu masu kewaya juna. Waɗanda suka halarta ba su kai goma ba. Abin da ya faɗa musu mai sauƙin fahimta ne, har sauƙin nasa ya zame masa laifi daga baya.

Sauti dai kaɗawa ce da take tafiya cikin iska bi da bi, kamar yadda igiyar ruwa take tafiya a kan tafki idan an jefa dutse. In kaɗawar ta yawaita a cikin daƙiƙa ɗaya, kunne ya ji sauti siriri mai kaifi. In ta ragu, ya ji shi da kauri. Wannan shi ne bambancin da ɗalibin Hausa ya sani tsakanin karin sama da karin ƙasa, shi ne kuma abin da makaɗin kalangu yake yi idan ya matse tsarkiya a hammatarsa ko ya sake ta. Doppler ya ce yawan kaɗawar da take isa kunne bai dogara ga abin da ya fitar da sautin kaɗai ba, har da tafiyar da yake yi, ko tafiyar da mai sauraro yake yi.

Alal misali, a ɗauka madugu ne yake dawowa daga Gwanja, kuma kowace safiya yakan tura ɗan aike a kan doki zuwa gida. Shi dai kullum aike ɗaya yake turawa. Amma da yake ayarin yana matsowa, tafiyar kowane ɗan aike ta fi ta wanda ya riga shi gajarta, don haka mutanen gida za su riƙa karɓar manzanni a tsakanin da bai kai kwana guda ba. Da a ce tafiya yake yi zuwa Gwanja, da tsakanin ya wuce kwana guda. Haka kaɗawar sauti take: abin da yake tahowa sautinsa yakan sirance, wanda yake tafiya nasa yakan yi kauri. Duk mutumin Tafoki da ya taɓa tsayawa a bakin titin Funtuwa zuwa Gusau ya ji wannan da kunnensa, domin babbar mota in ta taho da gudu tana oda, da zarar ta gifta sai muryar odar ta faɗi, alhali direba bai sauya kome ba.

Doppler ya ce haske ma haka yake, sai dai a wurin haske yawan kaɗawa launi yake sauyawa. A nan ya yi gaskiya. Inda ya kauce shi ne da ya ɗauka cewa taurari duka farare ne ko masu ɗan rawaya, tafiyarsu ce take sa a ga wani ja, wani shuɗi. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, taurarin da ido yake gani kuwa gudunsu bai kai ko kusa da haka ba, don haka sauyin da tafiyarsu take kawowa ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gane shi. Bambancin launinsu daga bambancin zafinsu yake. Ƙa'idar daidai take, misalin da ya ɗora ta a kai ne ya ba shi kunya.

Masu Busa a Kan Jirgin Ƙasa

Wanda ya fara gwada maganar wani saurayi ne ɗan ƙasar Holan, Christoph Buys Ballot, wanda daga baya ya kafa hukumar nazarin yanayi ta ƙasarsu. A 1845 ya sami aron jirgin ƙasa a kan layin dogo na Utrecht zuwa Maarssen, ya ɗora masu busa ƙaho a wani buɗaɗɗen tarago, ya tsayar da waɗansu masana kiɗa masu kaifin kunne a bakin layi. Gwajin farko a watan Fabrairu bai yi kyau ba saboda ƙanƙara da sanyi sun hana busa, sai ya sake a watan Yuni. Masu sauraro suka tabbatar cewa busar takan hau in jirgi yana tahowa, ta sauka in ya wuce. Buys Ballot ya yarda da ƙa'idar a wajen sauti, ya ƙi maganar launin taurari, kuma a duka biyun shi ne da gaskiya. A 1848 wani Bafaranshe, Hippolyte Fizeau, ya kai ga irin wannan ƙa'ida a wajen haske ta hanyarsa dabam, ya kuma nuna inda ya kamata a neme ta a cikin hasken tauraro.

Ɗaukaka da Faɗuwa a Biyana

A 1847 Doppler ya bar Firag ya koma Kwalejin Ma'adinai da Gandun Daji ta Schemnitz, a ƙasar da ake kira Sulobakiya yanzu. Bai daɗe ba tarzomar 1848 ta ɓarke a daular, yaƙi ya iso garin, ya kwashi iyalinsa zuwa Biyana a 1849. A watan Janairu 1850 aka naɗa shi shugaba na farko na sabuwar Cibiyar Fiziks ta Jami'ar Biyana. Ɗan maginin da ya taɓa sayar da kayansa don rashin aiki ya hau kujera mafi girma a fanninsa a duk daular. Cikin ɗaliban da suka zauna gabansa a 1851 akwai wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, wanda daga baya ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar shuka wake.

Sai dai ɗaukakar ba ta yi tsawo ba. A 1852 Joseph Petzval, farfesan lissafi wanda ya yi suna wajen ƙera gilashin kyamara, ya tashi a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Biyana ya ce ƙa'idar Doppler ba ta da tushe. Hujjarsa ita ce ya lissafa ya ga cewa in iska tana kaɗawa tsakanin makaɗi da mai sauraro, karin kiɗan ba ya sauyawa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi Doppler ya faɗa ba. Petzval ya haɗa tafiyar iska da tafiyar makaɗi ya mai da su abu ɗaya. Bugu da ƙari, ya raina aikin saboda lissafinsa gajere ne wanda ɗan sakandare zai iya bi, a ganinsa babbar gaskiya ba ta fitowa sai ta lissafi mai zurfi. Doppler ya kafa hujja da gwajin jirgin Holan, Andreas von Ettingshausen ya goyi bayansa, amma mafi yawan majalisar suka bi Petzval. Abin mamaki ne ƙwarai a ce taron malamai sun ƙi abin da kowannensu zai iya ji in ya je tashar jirgi ya tsaya.

A wannan lokaci ciwon huhun da ya daɗe yana damunsa, wanda masu tarihi da yawa suke ɗauka tarin fuka ne, ya riga ya ci ƙarfinsa. A ƙarshen 1852 ya bar kujerarsa ya tafi birnin Benis, ko sauyin iska zai taimake shi. Jikin ya ƙi. Matarsa ta taso daga Biyana ta iske shi, ya cika a gabanta ran 17 ga watan Maris 1853, yana da shekara 49. An binne shi a maƙabartar tsibirin San Michele. Sai a 1860 Ernst Mach ya nuna da gwaji a ɗakin bincike cewa Doppler ne da gaskiya, a 1868 kuma William Huggins na Ingila ya yi ƙoƙari na farko na auna gudun tauraro da wannan ƙa'ida.

Daga Taurari Zuwa Jijiya

Kafin ƙa'idar ta shiga asibiti sai da aka sami hanyar yin sautin da ya fi ƙarfin kunne. Kunnen mutum yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa, na'urar sikanin kuwa da miliyoyi take aiki. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa waɗansu duwatsu masu ƙyalli sukan ba da lantarki in an matsa su, daga baya aka ga kuma sukan kaɗa in an sa musu lantarki. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko Paul Langevin ya yi amfani da wannan wajen neman jiragen ƙarƙashin teku ta hanyar amsa-kuwa. A 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo suka buga bincikensu na duba kumburin ciki da irin wannan sauti. Wanda ya haɗa shi da ƙa'idar Doppler kuwa shi ne Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka a Jafan, wanda ya fara da motsin zuciya a tsakiyar shekarun 1950, ya kai ga gudun jini a 1959, ya rasu a 1960 yana da ƙuruciyarsa.

Ga yadda abin yake aiki. Likita yakan shafa wani mai a fata, ya ɗora kan na'urar, ita kuma ta aika sauti cikin jiki, inda yake gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Naman da yake tsaye yakan mayar da sautin yadda ya zo. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa tafiya suke yi, don haka amsa-kuwar da take dawowa daga gare su takan hau in suna tahowa, ta sauka in suna tafiya. Idan na'ura ta aika kaɗawa 5,000,000 a daƙiƙa, jini kuma yana tahowa kai tsaye da gudun rabin mita a daƙiƙa, bambancin yakan kai kimanin 3,200. Wannan adadi yana cikin abin da kunne yake ji, shi ya sa ake jin na'urar tana huci tare da bugun zuciya. In sautin ya sari jijiya a gicciye sosai, ba a samun kome, don haka mai aikin yakan karkata hannunsa. Tun shekarun 1980, bayan aikin injiniyoyin kamfanin Aloka na Jafan, ana nuna wannan da launi: ja ga jinin da ya nufo na'ura, shuɗi ga wanda yake gudunta.

Dangantakar wannan da ciwon daji ta fito ne daga wani likitan fiɗa na Amurka, Judah Folkman, wanda ya bayyana a 1971 cewa ƙari ba ya iya wuce girman milimita ɗaya ko biyu, watau kamar ƙwayar gero, sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi da za su ciyar da shi. Waɗannan jijiyoyi ginin gaggawa ne: a karkace suke, bangonsu ba shi da isasshiyar tsoka, wani lokaci jijiyar da take kawo jini takan zuba kai tsaye cikin mai mayarwa. Saboda haka jini yakan bi ta cikinsu ba tare da turjiya ba, ko a tsakanin bugun zuciya da bugu ba ya tsayawa. A 1977 Peter Wells da abokan aikinsa a Bristol ta Ingila suka ba da rahoton cewa sun ji irin wannan baƙon gudu a kewayen sankarar mama. Daga baya aka samo ruwan allura mai ɗauke da ƙananan kumfa, wanda yake sa ƙananan jijiyoyi su fito fili, kuma tun da aka amince a Amurka a 2004 da maganin farko mai hana ƙari yin jijiya, masu bincike suna amfani da awon jini don su ga ko magani ya fara aiki tun ƙarin bai motse ba.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai ta wajen sankarar hanta, wadda manyan sanadanta biyu suke tare da mu: ciwon hanta nau'in B, da gubar afulatoksin wadda fumfuna take bari a masara da gyaɗa in an zuba su rumbu da danshi. Ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa ƙasar masara ce. Lafiyayyar hanta kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga babbar jijiyar hanji yake zuwa, amma sankarar hanta mafi yawan abincinta daga jijiyar da take kawo jini daga zuciya take samu, wannan bambanci kuwa na'urar tana iya nuna shi. Tana kuma nuna ko ƙarin ya toshe jijiyar hanjin, ko jini ya juya yana komawa baya, abin da likitan fiɗa yake bukatar sani kafin ya yanke shawara.

Amma awon yana da iyaka. Ƙurji da kumburin da ba na daji ba su ma sukan tara jini, wata sankarar kuma jininta kaɗan ne, yana tafiya a hankali har na'ura ta kasa kama shi. Hoton ya dogara ƙwarai ga gwanintar mai riƙe da na'urar. Don haka ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon daji da launin da aka gani a allo kawai, yawanci sai an tsakuro ɗan nama an duba a madubin likita, ko an ƙara da waɗansu gwaje-gwaje. Fa'idarsa ita ce ba a yanka, babu haskakawa mai cutarwa irin ta hoton ƙashi, kuma ana iya maimaita shi sau da yawa. Majinyacin da ya taso daga Tafoki da kumburi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ko mace da ta ji gudaji a mamanta, galibi Funtuwa za su fara nufa, daga nan in abin ya fi ƙarfin wurin a tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da yake Shika, ko Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake tsakurar naman a tabbatar.